Auna Fahimta a Jarrabawar GRE da GMAT: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Arewacin Kamaru da Cadi

GRE da GMAT jarrabawa ne da Turanci da wasu jami'o'in ƙasashen waje ke nema kafin su ba da gurbin karatun gaba da digirin farko. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa a kansu daga bakin ɗaliban da suka gama lisans, wato digirin farko, a jami'o'in Ngaundare, Marwa da Garwa, da 'yan'uwanmu na Injamena, masu neman gurbin masta ko dakta a ƙasashen waje. Akasarinsu da Faransanci suka yi karatu tun daga firamare, Turanci kuwa darasi ne na 'yan sa'o'i a mako. Da wannan ɗalibin muka yi la'akari wajen ba da amsa.

Malam, mene ne ainihin abin da ake tambaya a ɓangaren karatu?

GRE hukumar ETS ta Amurka ce ke shirya ta. Tun watan Satumba na 2023 aka rage tsawonta zuwa awa 1 da minti 58. Ɓangaren harshe kashi biyu ne: na farko tambayoyi 12 cikin minti 18, na biyu tambayoyi 15 cikin minti 23. Kusan rabin waɗannan 27 auna fahimta ne, sauran kuma cike gurbi ne a cikin jimla. Maki daga 130 yake zuwa 170. Yadda ka yi a kashi na farko shi ke yanke wahalar na biyu, kuma sai wanda aka ba kashi na biyu mai wuya ne yake iya kaiwa maki na sama. Saboda haka kada ka ɗauki tambayoyi 12 na farko a matsayin share fage.

Yawancin matanin sakin layi ɗaya ne, ɗaya ko biyu ne masu tsawo. Daga kimiyyar halittu ake ɗebo su, da kimiyyar zahiri, da tarihi, da adabi, da ilimin zamantakewa. Tambayoyin iri uku ne. Akwai mai zaɓi biyar ka ɗauki ɗaya. Akwai mai zaɓi uku da za ka ɗauki duk waɗanda suke daidai, ko ɗaya ne ko biyu ko duka ukun, kuma babu rabin maki: in ka bar ɗaya ka faɗi. Akwai kuma wadda za a ce ka danna jimlar da ta yi wani aiki a cikin matanin kansa.

GMAT ta makarantun kasuwanci ce, hukumar GMAC ke da ita. A sabon tsarinta na ƙarshen 2023, ɓangaren harshe tambayoyi 23 ne cikin minti 45, duka karatu ne da tantance hujja, an cire gyaran nahawu.

Dole ne sai na yi GRE ko GMAT?

Ba dole ba ne a ko'ina. Sassa da yawa a jami'o'in Amurka sun daina neman GRE a 'yan shekarun nan, wasu sun mai da ita ganin dama. Masta a jami'o'in gwamnatin Faransa galibi ba ta buƙatarta, amma manyan makarantun kasuwanci irin su HEC da INSEAD suna neman GMAT ko GRE a MBA, wato mastar gudanar da kasuwanci. Kuɗin rajistar GRE ya haura dalar Amurka 200, wato fiye da sefa dubu ɗari. Ka buɗe shafin sashen da kake nema, ba na jami'ar gaba ɗaya ba, ka karanta sharuɗɗan shekarar da kake ciki kafin ka biya ko sisi.

Da Faransanci na yi karatu. Wannan ba zai kayar da ni ba?

Yana da fuska biyu, kuma ta amfanin ta fi girma fiye da yadda ɗalibai ke zato. Manyan kalmomin da ke firgita ɗan Amurka yawancinsu daga Latin ko Girkanci suka fito, da yawa kuma ta hanyar Faransanci suka shiga Turanci. Wanda ya yi bak, wato jarrabawar gama sakandare, a Marwa ba zai tsaya a kan ephemeral ko laconic ko corroborate ko prodigal ba, domin ya san 'yan'uwansu na Faransanci tun a lise, wato babbar sakandare. Haka kuma taƙaita matani da aka horar da ku a kai a ajin Faransanci, da tsarin kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a daidaita, su ne ainihin abin da wannan jarrabawa ke aunawa.

Inda ake faɗuwa wuri biyu ne. Na farko gajerun kalmomin Turanci na asali waɗanda ba su da dangi a Faransanci: belie, dearth, wary, shun, lest, albeit, hardly, seldom. Ƙanana ne, ido yana tsallake su, alhali sau da yawa su ke juya ma'anar jimla. Hardly kaɗai ta isa ta mai da "e" ta koma "kusan a'a". Na biyu kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'ana ta rabu. Actually ba "a halin yanzu" ba ce, "a haƙiƙa" ce, kuma yawanci tana nuna marubuci zai gyara wata magana. Eventually "daga ƙarshe" ce, babu "wataƙila" a cikinta. Pretend riya ce ta ƙarya, ba da'awa ba. Ignore ƙyalewa ce da gangan, ba rashin sani ba. Sensible mai hankali ne. Sai qualify, wadda ta fi kowace cin ɗalibai a tambayoyin karatu: idan aka ce marubuci ya yi qualify ɗin wata magana, ana nufin ya sa mata iyaka, ya rage mata ƙarfi, bai ƙaryata ta ba. Ka ware shafi guda a littafinka don irin waɗannan kawai.

Ina gane kusan kowace kalma, amma in na gama matanin sai in rasa me aka ce. Ina matsalar take?

Wannan ita ce babbar tambaya a shafin nan. Matsalar ita ce kana karatu don ka tara bayani, kamar mai shirin jarrabawar ƙarshen zango, alhali abin da ake so ka gani shi ne yadda aka gina magana: wa ya ce me, ina aka juya, ina marubucin ya tsaya. Ka zauna kamar mai sauraron shari'a. Akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara, akwai shaidu, akwai alƙali, kuma in ka haɗa maganar mai ƙara da hukuncin alƙali ka ɓata komai, ko da ka haddace duk abin da aka faɗa.

Ga gajeren misali da muka tsara da Hausa don tsarin ya fito fili:

"An daɗe ana ɗora laifin janyewar Tafkin Cadi a kan noman rani. Sai dai wasu masu bincike sun lura cewa tafkin ya fi janyewa a shekarun fari na 1970 da 1980, lokacin da ruwan sama ya yi ƙaranci a yankunan da kogin Shari da Logon ke samun ruwa. Wannan bai wanke noman rani gaba ɗaya ba, amma yana nuna ba shi kaɗai ba ne, wataƙila ma ba shi ne babban dalili ba."

Murya uku ke nan. "An daɗe ana" tsohon ra'ayi ne, kuma duk matanin da ya buɗe da irin wannan, ka sa ran za a ƙalubalance shi. A Turanci za ka ga it has long been assumed, ko traditionally, ko many scholars believe. "Sai dai" ita ce mahaɗar da aka juya: however, yet, nevertheless. Jimla ta uku ce kaɗai ta marubucin, kuma dubi yadda ya yi taka-tsantsan: "gaba ɗaya", "kaɗai", "wataƙila". Bai ce noman rani ba shi da laifi ba, bai ce fari ne tabbas ba.

Abin da za ka rubuta a takardar gwaji bai wuce layi uku ba: tsoho, noman rani; sabo, fari; marubuci, tsohon bayani bai cika ba. Sunayen koguna da shekaru ka bar su a inda suke. Matanin yana nan a allo, in an tambaye su ka koma ka duba. A kowane sakin layi ka tambayi kanka abu ɗaya: me wannan ya zo yi? Ya kawo misali ne, ko suka, ko amsar suka?

Jimlolinsu dogaye ne, kafin in kai ƙarshe na manta farko.

Nemo mai aiki da aikatau, ka ajiye duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu a gefe. Dubi wannan: The claim that irrigation alone emptied the lake, though long repeated, is hardly supported by the rainfall records. Ƙashin bayanta kalmomi kaɗan ne: the claim is hardly supported. Da'awar ba ta da madogara sosai. Wace da'awa? Sai ka koma ka ɗauko. Aikatau na farko da ido ke cin karo da shi, emptied, ba shi ne na babbar jimlar ba, kuma nan ne mutane ke ɓata hanya, su fita da fahimtar cewa marubucin ya ce noman rani ya ƙafar da tafkin.

Abu na biyu, duk inda ka ga this ko such ko the former ko the latter, ka tsaya ka tabbatar da abin da suke nufi kafin ka wuce. Ka riƙa yin wannan atisaye da jimloli biyar kullum har mako uku, da biro a hannu, kana ja wa mai aiki da aikatau layi. Bayan haka ido zai riƙa yi da kansa.

Matani zan fara karantawa ko tambaya?

In matanin gajere ne mai tambaya ɗaya, musamman na tantance hujja, karanta tambayar tukuna, ban da zaɓuɓɓukan. In mai tambayoyi da yawa ne, karanta matanin duka sau ɗaya a natse. Masu tsallake-tsallake suna neman kalmar da ta yi kama da ta tambaya su ne aka gina tarkon dominsu.

Kullum sai zaɓi biyu su rage mini, in ɗauki wanda ba shi ba. Me zan yi?

'Yar'uwa, ko ɗan'uwa, wannan alama ce mai kyau, domin ta nuna an gane matanin, saura sanin yadda ake ƙera amsar ƙarya. Mu koma kan tafkin. A ce an tambaya: wanne ne za a iya fahimta daga matanin?

Zaɓi na ɗaya: noman rani ba shi da wani tasiri a kan tafkin. Ya wuce gona da iri, marubucin ya ce bai wanke shi gaba ɗaya ba. Kalmomi irin su always, never, only, entirely, impossible ba haramun ba ne, amma sai matanin ya yi magana da ƙarfin da ya kai nasu.

Na biyu: tafkin yana tsakanin Cadi, Kamaru, Nijar da Najeriya. Gaskiya ne, kowa a nan ya sani, amma ba a faɗa a matanin ba. Wannan tarkon ya fi kama wanda ya san fannin. Ɗalibin labarin ƙasa ya fi faɗawa cikinsa a matanin labarin ƙasa, ɗalibin likitanci a matanin cututtuka. Iliminka na waje ka ajiye shi a ƙofa.

Na uku: masu bincike sun tabbatar cewa fari ne babban dalili. Kusan daidai, amma kurakurai biyu ne a ciki. An jefar da "wataƙila", an kuma ɗauki maganar marubucin an sa a bakin masu binciken, waɗanda lura kawai suka yi da lokacin janyewar.

Na huɗu: marubucin yana ganin bayanin da aka saba bayarwa bai cika ba. Ba shi da armashi, bai maimaita kalmomin matanin ba, kuma shi ne amsa. Amsar gaskiya sau da yawa haka take, mai sanyin murya, an sake mata kaya. Ta ƙarya ce ke zuwa da kalmomin matanin sak don ta ja ido.

Idan biyu suka rage, daina tambayar wanne ya fi kyau. Nemo kalmar da ta raba su, ka koma matanin ka sa yatsa a kan layin da ya goyi bayan ɗaya. Zaɓin da kalma ɗaya tak a cikinsa ba ta da madogara ya faɗi, ko da sauran duka daidai ne. Kuma kafin ka kalli zaɓuɓɓukan ma, ka faɗi amsarka a zuci da kalmominka, ko da Hausa ne. Wanda ya shiga da amsarsa ba a saurin ruɗa shi.

Tambayoyin "raunana hujja" da "ƙarfafa hujja" fa?

Raba matanin gida biyu: dalili da sakamako. Tsakaninsu akwai wani zato da marubucin bai furta ba, a kansa hujjar ta tsaya. A misalinmu, zaton shi ne ƙarancin ruwan sama ne ya jawo janyewar, ba haɗuwar lokaci kawai ba. Zaɓin da zai ce tafkin ya janye da irin wannan saurin a shekarun da aka yi ruwa sosai zai raunana hujjar. Wanda zai ce noman rani bai yi yawa ba a waɗancan shekarun zai ƙarfafa ta. A irin wannan tambaya kaɗai ake yarda da bayanin da ba ya cikin matani, domin an ce maka ka ɗauka gaskiya ne.

In an tambayi zaton kansa, akwai gwaji mai sauƙi: kore zaɓin, ka ce ba haka ba ne. In hujjar ta rushe, shi ne. In tana nan tsaye, wuce.

Lokaci ba ya isa ta.

A GRE kana da kimanin daƙiƙa 90 ga kowace tambaya, a GMAT kusan minti 2. Tambayoyin cike gurbi su ci ƙasa da minti ɗaya kowace, rarar ta koma wa karatu. Gajeren matani minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe shi, dogo minti 3. A GRE kana iya sa wa tambaya alama ka wuce, ka dawo mata a cikin kashin, kuma ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada ka bar ko ɗaya babu amsa. A GMAT sai ka amsa kafin ka wuce, amsa uku kawai ake yarda ka canza a ƙarshen kowane ɓangare, kuma rashin gamawa yana rage maki.

Amma kada ka fara atisaye da agogo. Makonni huɗu na farko ka yi babu lokaci, har sai kana samun 8 cikin 10 daidai, sannan ka sa agogo. Abin da ke cinye lokaci ba jinkirin ido ba ne, maimaita karatu ne sau uku saboda na farko bai shiga ba. Sai kuma fassara a zuci, daga Turanci zuwa Faransanci zuwa Hausa, wadda yawan karatu ne kawai ke kashe ta.

Me zan riƙa karantawa, tunda littattafan Turanci ba su da yawa a nan?

Rubutun da ke jayayya, ba mai ba da labari ba. Labaran jarida suna da amfani ga mai farawa, kuma Cameroon Tribune da ke fitowa da harsuna biyu tana taimaka wa wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba, amma labari ba ya kawo ra'ayi ya rushe shi. Shafukan Aeon da The Conversation kyauta ne a intanet, haka ma maƙaloli da yawa na mujallar Smithsonian. Scientific American da The Economist sun dace, sai dai suna neman kuɗi bayan 'yan maƙaloli.

Maƙala ɗaya a rana ta isa, minti 30 zuwa 45, kuma bayan sallar asuba ya fi, tun ba ma a watannin Maris da Afrilu ba, da zafin Garwa da Marwa ke hana ƙwaƙwalwa aiki da rana. In ka gama, rufe ta, ka rubuta jimla biyu da Turanci: me marubucin ke so in yarda da shi, kuma da wa yake jayayya. Ka tilasta wa kanka fannin da ba ka so. Injiniya ya karanta sharhin adabi, ɗalibin shari'a ya karanta ilimin taurari. Ranar da ka sami intanet mai kyau ka sauke maƙaloli bakwai na mako, don ɗauke wuta ko ƙarewar data kada su karya maka tsari.

Waya ta isa wannan karatun na kullum. Ba ta isa gwaji ba, domin a jarrabawa matani yana gefe ɗaya na allo, tambaya a ɗaya gefen, kuma ba ka iya ja layi. Ko a shagon intanet ne, ka yi cikakken gwaji a kwamfuta.

Haddar jerin kalmomi tana da amfani?

Tana da shi ga cike gurbi, kaɗan ga auna fahimta. Kalmomi 10 a rana, kowace da jimlar da ka same ta a ciki, sun fi 50 tsirara. Yi amfani da ƙamus na Turanci zuwa Turanci. Ka ba da fifiko ga kalmomin da ke nuna matsayin marubuci, irin su skeptical, ambivalent, dismissive, tentative, domin su ke fitowa a zaɓuɓɓuka.

Makonni nawa zan ware, kuma yaya zan tsara su?

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci kuma yana iya karanta jaridar Turanci, makonni 12 ma'auni ne mai kyau. Wanda bai kai nan ba ya fara gina Turancin tukuna, wata shida ba su yi yawa ba. ETS tana ba da cikakkun gwaje-gwaje biyu kyauta da sunan POWERPREP. Yi ɗaya a makon farko don ka san inda kake, ka ɓoye ɗayan sai saura mako biyu. Tambayoyin da hukumar ta wallafa da kanta su ne abin dogaro. Na wasu shafuka sau da yawa amsarsu tana da jayayya, sai su koya maka shakkar hankalinka a banza.

Abin da ke ɗaga maki shi ne littafin kurakurai. Kowace tambaya da ka faɗi, har da wadda ka ci da sa'a, ka rubuta abu huɗu: irin tambayar, abin da ka zaɓa da dalilin da ya ja ka, layin da amsar gaskiya take, da sunan tarkon. In atisaye ya ci minti 20, bita ta ci 40. Bayan mako uku ka karanta littafin daga farko, za ka ga kuskure biyu ko uku ne ke ta dawowa. Wani kullum ilimin waje ke jansa, wata kullum hardly da seldom take tsallakewa. Tambaya 300 babu bita ba ta kai 100 da bita ba.

Ku haɗu ku uku ko huɗu sau ɗaya a mako. Kowa ya amsa shi kaɗai, sannan wanda ya zaɓi amsa ya kare ta da layi daga matani. Sharaɗin zaman shi ne ba a karɓar "haka na ji a raina".

In yi ta a gida ko in yi tafiya?

Ana iya yin GRE a gida, amma da sharuɗɗa: kwamfuta ba waya ba, kyamara da makirfo, ɗaki da babu mai shigowa, da intanet da wutar da za su riƙe awa biyu ba yankewa. Ba a yarda da takarda ta yau da kullum ba, sai ƙaramin farin allo ko takarda cikin leda mai haske da alƙalamin da ake gogewa, don haka ka saba rubuta layukanka uku a kansa tun a atisaye. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ka duba cibiyoyin da ke buɗe a shafin ETS, ka lissafa kuɗin mota da na jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa kudu da masauki, ka isa kwana ɗaya kafin ranar. Wanda ya kwana a jirgi bai kamata ya wuce kai tsaye ɗakin jarrabawa ba. Sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai harafi da harafi da na fasfo ɗinka. Rubutun suna irin na Faransanci da irin na Hausa sukan bambanta, kuma bambancin ya isa a hana ka shiga.

Na yi, makin bai yi kyau ba. In sake?

Ana iya sake GRE bayan kwana 21, har sau biyar a cikin wata 12, makin kuma yana aiki shekara 5. Kana da damar zaɓar sakamakon da za a tura wa jami'a. Amma kwana 21 ba sa canza yadda mutum ke karatu. Ka sake da wuri in abin da ya kayar da kai na ranar ne, kamar rashin lafiya ko rikicewar lokaci, kuma makin gwajinka na gida ya fi wanda ka samu da maki huɗu ko biyar. In makin ya yi daidai da na gwajin, ka ba kanka aƙalla mako 8, ka koma kan littafin kurakurai, ka duba ranar rufe karɓar takardu ta sashen da kake nema, domin sakamakon hukuma yana ɗaukar kwana 8 zuwa 10 kafin ya fito.